Takardu Uku da Na Ƙona

Ina da shekara arba'in da tara likitan ido ya ce in ajiye walda. Ya haska mini fitila a idon hagu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce idan na ci gaba da kallon wutar nan, ba da jimawa ba sai an riƙe mini sanda. Tun ina ɗan shekara sha huɗu nake warsha ɗaya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, garejin da muke ƙera bodin manyan motoci. Ban iya wata sana'a ba.

Mai warshar ya tausaya mini. Ya ce tsohon da ke kula da sito zai koma ƙauyensu nan da shekara biyu, kuma zai iya ba ni wurin, in zauna a inuwa ina karɓar ƙarafa ina fitarwa. Amma sai na kawo masa shahada, wato takardar shaidar gama makarantar manya, domin ba zai damƙa makullin sito ga wanda bai iya karanta takardar kaya ba. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa akwai ɗan ƙanwar matarsa da ya gama sakandare yana jiran wurin. Idan tsoho ya tafi ban kawo shahada ba, magana ta ƙare.

Haka na shiga makarantar manya da ke bayan kasuwar Suk al-Shabi. Wannan duk kafin yaƙin nan na Sudan ne. Bayan la'asar muke shiga, a ajin 'yan firamare, kan bencin da idan na zauna gwiwoyina sai su kusa taɓa ƙirjina. Mu kusan ashirin ne, da direbobin hafila, wato bas ɗin haya, da mata masu sayar da shayi, da wani mai gadi da barci ke ɗauka kullum. Malamarmu ba ta girmi babbar 'yata da komai ba a shekaru. Ustaza muke ce mata, ita kuma ta kira ni Ammu, wato baffa.

Ba wannan ne karo na farko da na zauna gaban malami ba. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan bai koma ba, kuma a unguwarmu ta Omdurman duk yaro sai ya yi halwa, wato makarantar allo. Izu biyar na yi aka cire ni aka kai ni warsha. Rubutun ya gudu daga hannuna, amma abu biyu sun zauna. Ɗaya hadda. Ɗayan kuma tsarin aikin allo: ka rubuta, malam ya gyara, ka haddace, ka wanke, ka sake sabo. Ruwan wankin kuma ba a zubar da shi ko'ina, sai wuri mai tsarki da ƙafa ba ta takawa.

A ƙarshen shekara ta biyu Ustaza ta ce kowa zai rubuta bahasi, ɗan bincike na shafi shida a kan abin da ya zaɓa. Wanda bai kawo ba, ko aka ƙi karɓar nasa, ba zai zauna jarrabawar shahada ba sai baɗi. Ni kuwa ba ni da baɗi.

Na zaɓi agashe, tsiren nan namu da duk Sudan ta sani, tana kuma danganta shi da Hausawa. Ina da kawu da ya tsufa a bakin wutarsa a gefen Kasuwar Libiya. Ranar wata Juma'a na je da littafi da biro na zauna kan bulo kusa da shi.

Ya dube ni ya dubi littafin. "Kai da furfurarka, yau kai ne ɗan makaranta? Bari in aika a sayo maka alawa."

"Kawu, tambaya na zo yi. Wa ya fara gasa agashe a kasuwar nan?"

"Rubuta: ni."

"Kafin kai fa?"

"Kafin ni yunwa ake yi. Rubuta wannan ma."

Ya yi ta ba ni labari yana juya tsinke, ni kuma ina bin sa da rubutu kamar mai bin hafilar da ta riga ta tashi. Da Hausa yake magana, ni kuma dole in mayar da ita Larabci a kan takarda, kafin in gama jimla ɗaya ya yi biyar. Can wani ya zo sayen nama. Kawu ya miƙa hannu ya yago takarda daga tarin da ke gefensa ya naɗe masa. Na ga rubutun hannu a jiki. Na ɗauki ɗaya na duba. Shafin littafin wani ɗan makaranta ne, da bisimilla a samansa, mai ya ratsa ta har ana ganin bayanta. Na nuna wa kawu. Ya ce shi ba ya gani sosai, a buhu ake kawo masa su. Ya ware wadda na nuna masa ya jefa a wuta, ya ci gaba da aikinsa. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa buɗe shafi ban fara da bisimilla ba.

Sati biyu na yi ina rubuta na farko, kullum bayan sallar asuba, lokacin da idona ya fi washewa. Na kai wa Ustaza ina jin na yi abin kirki. Ta dawo mini da shi ja wur. A gefen shafukan ta rubuta tambaya iri ɗaya har sau bakwai: wa ya gaya maka?

"Ya Ammu, wannan hira ce mai daɗi, amma ba bahasi ba ne. Duk abin da ka rubuta, ka faɗi bakin da ya fito. Kuma mutum ɗaya bai isa ba. Kawunka ya ce shi ya fara. Ka tambayi wani?"

"Ustaza, kawuna ne. Idan na tambayi wani ai na ƙaryata shi."

"To ka ƙaryata shi cikin ladabi," in ji ta.

Na dawo gida na yi abin da na sani. Na karanta gyaranta har na haddace shi tare da shafukan, na kwafe abin da zan ci gaba da shi a sabuwar takarda. Safiyar Juma'a na ɗauko kaskon turaren matata, na sa tsofaffin shafukan na kunna musu ashana. Tokar na jiƙa ta da ruwa na zuba a gindin bishiyar lemon da ke kusurwar tsakar gidanmu. Matata tana tsaye da tsintsiya a hannu.

"Malam, wahalar sati biyu kake ƙonawa."

"Tana cikin kaina. Kina so wata rana ki sayo ƙosan ta'amiya ki gan ta a naɗe da sunan Allah da rubutuna?"

Ba wannan ne kaɗai dalilin ba. Ba na son 'ya'yana, da duk suka yi boko, su buɗe aljihun tebur su ga yadda yarinya ta cika wa ubansu takarda da jan biro.

Mutum na biyu da na tambaya wata gwaggo ce a unguwarmu, wadda ta fi shekara arba'in tana daka wa masu agashe yaji da ƙuli-ƙuli. Da na karanta mata abin da kawu ya ce, sai da ta ajiye taɓarya don dariya.

"Shi ya fara? Lokacin da mutanen Jazira suka zo da sana'ar nan daga gonakin auduga, shi ko ɗaurin wando bai iya ba. Ɗana, rubuta cewa ni na faɗa, idan yana da ja ya zo ya same ni."

A rubutu na biyu na cakuɗa maganarta da ta kawu don kada ran kowa ya ɓaci. Ustaza ta ja layi a tsakiyar shafi. Ta ce maganar kawu gefe guda, ta gwaggo gefe guda, sannan abin da ni na gani a nawa tunanin shi ma gefe guda, kada in bar su su hau juna. Na haddace, na kwafe, na ƙona. A na uku na raba su kamar yadda ta ce, amma na rufe da addu'a ga duk wanda ya taɓa hura wutar agashe. Ta rubuta a ƙasa: amin, amma me ka gano? Kwana huɗu ina juya wannan tambaya a cikin hafila, daga Omdurman zuwa Khartum, mu haye gada da safe mu sake hayewa da yamma. A rana ta biyar, ina riƙe da ƙarfe a warsha, amsar ta zo mini. Sunan agashe yana wurin maza da ke bakin wuta, ɗanɗanonsa kuwa a turmin matan da ba wanda ya san su ake yin sa. Na ajiye ƙarfen na rubuta a bayan hannuna da alli don kada ta gudu.

Na ƙarshe safiya tara na yi ina rubuta shi, harafi bayan harafi. Idan na yi kuskure sai in sake shafin gaba ɗaya. Na miƙa wa Ustaza ranar Lahadi, ta sa a jaka ta ce madalla. Juma'ar da ta biyo na ƙona na uku. A makon nan ne kuma Ustaza, da cikinta ya tsufa, ta tafi gidan mahaifiyarta a Jazira don ta haihu a can.

Wanda aka turo a madadinta wani saurayi ne siriri mai tabarau, bai san ko ɗaya daga cikinmu ba. Ranar Litinin ya shigo da bahasinmu a hammata, ya zaro uku ya jera a kan tebur. Duka ukun a kan zazzaɓin sauro ne, kuma kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Ashe akwai wani shago a cikin kasuwa da ke ciro wa mutane rubutu daga intanet, su zo gida su kwafa da hannu.

Ustaz ya ce tunda haka ne, bai yarda da na kowa ba. Zuwa ranar Alhamis kowa ya kawo tsofaffin rubuce-rubucensa masu jan biron Ustaza, a ga yadda aikin ya taso. Wanda bai kawo ba, an soke bahasinsa. Sannan ya ɗaga wani ya ce, "Na agashe na wane ne?"

Na miƙe, da ƙyar na zaro gwiwoyina daga bencin.

"Shekara nawa kana riƙe biro, ya Haj?"

"Biyu, Ustaz."

"Shekara biyu, shafi shida, babu gogewa ko ɗaya. Ni na yi jami'a ban iya wannan ba. Naka nake so in fara gani ranar Alhamis."

Aji ya yi dariya. Na koma na zauna.

Da aka tashi na roƙi lambar Ustaza wurin ɗaya daga cikin masu shayi. Ita kaɗai ce ta ga takardun nan da idonta. Na tsaya a tashar Suk al-Shabi cikin hayaniyar 'yan kamasho na kira. Mijinta ne ya ɗauka. Ya ce haihuwar ta zo da gardama, an yi mata aiki, tana asibiti ba ta magana da kowa tukuna. Ya tambaye ni ko akwai saƙo. Na ce babu, ɗalibinta ne, Allah ya tashi kafaɗunta. Na kashe wayar. Hafila uku ta cika ta tashi ina tsaye a wurin.

Washegari a warsha na tarar tsohon da ke kula da sito ya kawo wani akwatin ƙarfe in gyara masa maratayi, don tafiyarsa saura wata ɗaya. Na gyara masa. Wutar waldar ta bar mini wani koren tabo a ido da ya ƙi gushewa har azahar. Mai warsha ya wuce ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya shahada?" Na ce tana hanya.

Da yamma wani direba ɗan ajinmu, wanda yana cikin mutum ukun nan na zazzaɓin sauro, ya ja ni wurin mai shayi.

"Kai ma matsala gare ka? Ai na ɗauka kai ne waliyyin ajin."

Na gaya masa abin da na yi. Ya riƙe ciki yana dariya har shayinsa ya zube.

"Ku mutanen halwa! Mu mun saya, kai ka yi da hannunka, ga mu a rami ɗaya. To saurara. Ba ka ce ka haddace ba? Ka sake rubuta su da kuskurensu, ka sayi jan biro, ka ba wata mace ta yi maka gyaran. Ka ɗan murza takardar, ka ɗiga mata shayi. Wannan mai tabarau ya san hannun Ustaza ne?"

Na sayi jan biron. Ba zan ɓoye ba, na saya, kuma a hanya har ina tunanin wace 'yata zan roƙa. Safiyar Laraba bayan asuba na shimfiɗa takarda. Na farko yana nan a kaina yadda na bar shi, da wuraren bakwai da ta yi tambaya. Hannuna ya tafi saman shafi da kansa ya rubuta bisimilla. Sai na tsaya ina kallonta. Duk abin da zan sa a ƙarƙashinta don a ruɗi mutum ne. Na gwada sabon shafi babu bisimilla, hannun ya ƙi tafiya, na rubuta layi biyu kamar tonon kaza. Na tashi na fita tsakar gida na tsuguna gaban bishiyar lemo. Har da tona ƙasar na yi da yatsa, ni da na san toka ce na jiƙa da hannuna.

Matata ta fito ta same ni a haka. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake na ga maganar a bakinta.

"Malam, je ka faɗa masa yadda aka yi. Idan ya ƙi, ya ƙi."

"Idan ya ƙi, idon nawa fa?"

Ta ɗauki jan biron daga kan tabarma ta sa a cikin kwanon ɗinkinta.

Ranar Alhamis na je hannu wofi. Na bari kowa ya nuna nasa ya fita, sannan na matsa gaban tebur na ba Ustaz labari tun daga tarin takardun kawu har gindin lemo. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Ka ƙone. Ya Haj, ka san mutum nawa za su ce mini haka idan na karɓa daga gare ka? Wani ma ɗazu cewa ya yi akuya ta cinye nasa."

"Buɗe duk shafin da kake so, Ustaz, in karanta maka da ka."

Ya buɗe na huɗu. Na karanto masa daga sama har ƙasa, yana bi da yatsa. Ya rufe.

"Na ji. Amma wanda ya yi halwa zai iya haddace abin da wani ya rubuta masa cikin kwana biyu. Wannan bai nuna mini komai ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce zan iya karanto masa na farko da na biyu da na uku, da abin da Ustaza ta rubuta a gefen kowanne. Na fara. Na kawo masa wurin da na ce kafin kawu yunwa ake yi, da tambayarta a gefe. Na kawo layin da ta ja a tsakiyar shafi. Da na zo kan amin, amma me ka gano, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Duk da haka ya girgiza kai. Ya ce shi ofis zai kai wa takarda, ba zai kai musu muryata ba.

Na tsaya. Ban san lokacin da na ce, "Ustaz, idona ne a cikin takardar nan," ba. Ban yi masa bayani ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dubi agogo, ya yago shafi biyu daga tsakiyar littafinsa ya miƙo mini.

"Saura minti arba'in a kira magariba. Zauna a nan gabana. Kada ka rubuta mini abin da ke cikin bahasin. Rubuta mini ko daidai ne a ƙona takarda mai sunan Allah, da wanda ka ji daga bakinsa."

Na karɓa. Na ce, "Idan na gama ina za a kai ta?"

"Cikin fayil, a ofis."

"Ba za a sayar wa masu nama ba?"

"Rubuta, ya Haj."

Na koma kan ɗan bencin. Ban taɓa dogon rubutu da yamma ba tun da idon ya lalace. Layukan suna haɗewa, hawaye na zuba daga na hagu, sai na rufe shi da tafin hannu na yi da ɗaya. Babu damar sake shafi. Idan na yi kuskure sai in ja masa layi in wuce, abin da ban taɓa yi ba. Na rubuta abin da malaminmu na halwa ya koya mana, na ce daga bakinsa na ji. Na sauko na rubuta abin da matata ta ce ranar da na fara ƙonawa, na ce ita ta faɗa. Na bar fili, na rubuta nawa: ƙonawa ta fi a bar ta a naɗe nama da ita, amma da na samo mata wuri mai tsayi na ajiye, da na girmama sunan kuma ban rasa shaidata ba. Ban cika shafi ɗaya ba ladan ya ɗaga murya.

Ustaz ya karanta a tsaye a bakin taga. Ya ajiye shi kusa da bahasin yana duban wannan yana duban wancan. Ya zaro jan biro ya yi gyara wuri goma sha ɗaya, ina ƙirgawa.

"Wa ya koya maka raba maganar mutane haka, kowa da gefensa?"

"Ustaza. A na biyu."

Ya rubuta wani abu a saman bahasin ya sa hannu. Ya ce ya karɓa, amma ba zai ba ni makin da aikin ya cancanta ba, tunda sharaɗi ɗaya ya gindaya wa kowa kuma ban cika ba. Zan wuce da mafi ƙarancin maki, in zauna jarrabawa. Na ce na gode.

Ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya ce wannan ya ishi ofis, ya miƙo mini takardar.

"Wannan kuma idan ka ƙona ta, ni da kai ne."

Na ci jarrabawar. Shahadar ba ta fito da wuri ba, amma makaranta ta ba ni wasiƙa mai hatimi, mai warsha, da bai riga ya ba wa ɗan ƙanwar matarsa wurin ba, ya karanta ya ba ni makullin sito kwana shida bayan tafiyar tsoho. Idon hagu bai dawo ba, na dama ya tsaya inda yake. Ustaza ta tashi, ta sami 'ya mace. Ban taɓa gaya mata abin da na yi da takardun da ta cika da jan bironta ba.

Takardar nan na sa ta a leda na ɗora a saman kabad, inda muke ajiye Alƙur'ani. Da na kai wa kawu labarin an karɓi bahasi, sai ya ce in karanta masa. Na karanto masa da ka a bakin wuta. Da na iso wurin gwaggo ya ɗaga wuƙa ya ce in tsaya, wannan matar tun suna yara take da baki, in je in goge. Na ce masa an riga an kai ofis.